Dutse Mai Fuska Ashirin

Antsirabe, Fabrairu 1999

Zuwa ga ƙanwata Bakoly,

Gaisuwa mai yawa daga ni yayanki Solofo, da Neny mahaifiyarmu, da matata da yara. Da fatan kina lafiya a can Cape Town, kuma iskar garin da kike ta kuka da ita ba ta ɗauke ki ta jefa teku ba. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗauke ƙafa. Shinkafa dai ta yi kyau bana.

Kin san ba na iya doguwar wasiƙa, don haka ga magana. An yi taron dangi a ƙauye. Mai duban rana ya ba da watan Satumba, za a buɗe kabarin zuriya a yi famadihana, a fito da kakanni a sake musu likkafani, a yi rawa da su a mayar. Kin san abin da wannan yake nufi a gidanmu. Shekara huɗu ke nan Dada mahaifinmu yana kwance shi kaɗai a ramin wucin gadi a gindin gwaiba, bayan katanga, iyayensa da 'yan'uwansa suna ciki. In ba a shigar da shi wannan karon ba, sai wata buɗewar, Neny kuwa ba ta da sauran ƙarfin jira. Ta riga ta sayi lamba, wato mayafin siliki da za a naɗe shi a ciki. Kullum sai ta fito da shi daga akwati ta warware ta sake ninkewa, kamar wani ya ce mata zai gudu.

Abin da nake so ki yi shi ne wannan. Duwatsun nan biyar da Dada ya yanka miki da hannunsa lokacin da kika yi rashin lafiya, ki maido su gida, dukansu biyar. Dadatoa Rabenja, yayan Dada, shi ne ya nema, kuma kin san shi ke da mabuɗin kabarin. Ki naɗe kowanne daban a tsumma, kada su gogi juna kusurwa ta ɓantare. Ki ba wa mutumin da Madam ɗinki take turowa sayen kaya. Kada ki cika ni da tambaya, ki yi kawai.

Ki gaida Madam. Ki ce mata kwandon duwatsun da ta yi oda yana hanya. In ta taɓa ɗaukar hoton hasken jikina ta ga ya fito fari fat, kada ta ɗauka ta sami waliyyi, ƙurar dutse ce.

Ki huta lafiya.
Yayanki,
Solofo

Cape Town, Maris 1999

Zoky Solofo, babban yayana abin alfaharina,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Neny da hannu biyu, da matarka da yaranka duka. Wasiƙarka ta same ni a shago, na karanta ta a tsaye, na yi dariya na yi kuka, har wata mata da ke kwance da dutse a goshi ta buɗe ido ta ce ko lafiya. Dada zai shiga wurin iyayensa! Ka ce wa Neny ta bar lamban nan ya huta, kada ya tsufa kafin ranar.

Kana ta yi wa aikinmu ba'a, to ka yi. Ni dai abin da na gani nake faɗa. Mutum zai shigo a murtuke, Madam Elsabé ta zaunar da shi gaban na'ura ta ɗauki hoton hasken da ke kewaye da jikinsa, ta nuna masa inda ya dushe. Sai in kwantar da shi in jera masa duwatsun: mai fuska shida a ƙafa, shi ne na ƙasa, mai fuska ashirin a mara, na ruwa, mai huɗu a ciki, na wuta, mai takwas a ƙirji, na iska, mai goma sha biyu a goshi, na sama. Wasu barci suke yi, wasu su fashe da kuka. Da yawa suna tashi da sauƙi. Ka ce kwanciyar ce kawai, ban hana ka ba.

Ba ka ga yadda na koma ba a shekarar da na yi ciwon nan, Zoky, gara da ba ka gani ba. Na haifi yarona ba rai, mijina Denzil ya kwashe kayansa ya koma wurin mutanensa, ni kuma abinci ya ƙi wucewa. Hotona ya fito da wani baƙin tabo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Madam ta gwada duk duwatsun shago a kaina, shiru. Sai ta ce waɗannan sun bi hannaye da yawa, sai dai dutsen ƙasarmu wanda wani mai ƙaunata ya yanka. Na rubuta wa Dada, rabi wasa rabi gaske, don na san abin da yake cewa game da aikin. Sai ga ƙunshi. Ban taɓa ganin dutse mai tsabtar wannan ba, in ka ɗaga shi kamar ba ka riƙe komai ba. Madam ta daɗe tana juya shi a rana. Kafin damina ta wuce na fara cin shinkafa. Ko duwatsun ne, ko don na san babban yatsan Dada ya bi ta kan kowace fuska, ban sani ba.

To ga inda maganarka ta ɗan yi wuya. Da na warke, Madam ta ce dutsen da ya sha ciwon mutum ba a ajiye shi a haɗe, kowanne sai a mayar da shi gidansa da godiya. Haka muke wa kowa. Na ƙasa na binne shi a lambun gidan da nake haya a lokacin. Na wuta na sa shi cikin garwashi, ya tsage biyu, yana nan cikin gwangwani. Na iska mun rataye shi da zare a tagar ɗakin jinya. Na ruwa na je bakin gaɓa a Kalk Bay, inda masunta ke ɗaure jiragensu, na wulla shi iya ƙarfina. Na sama ne kaɗai yake wurina, a ƙarƙashin matashi.

In Dadatoa yana son ganin irin aikin ne, sai in aiko masa da sabbi biyar masu kyau daga shago. Wataƙila ma kai ka yanka su, ka ga sun je yawon duniya sun dawo. Amma me zai yi da su, shi da ko agogo ba ya ɗaurawa?

Ka sumbaci Neny a goshi a madadina. Allah ya kai mu Satumba.
Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Bakoly

Antsirabe, Afrilu 1999

Bakoly,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Neny ba ta san abin da kika rubuto ba tukuna, na ce mata kin gaishe ta, na tsaya nan.

Kin wulla shi teku. Iya ƙarfinki. Na karanta wurin nan har takardar ta yi laushi, na fita na zaga kasuwa na dawo, yana nan yadda kika rubuta shi.

Na ce kada ki tambaya, yanzu dole in faɗa, ko da Neny ta sa mun yi alkawarin ba za ki taɓa ji ba. Kin tuna farin dutsen nan da ke saman kabarin zuriya, ta wajen kai, wanda tsofaffi ke kira dutse mai rai? Wanda Neny ta taɓa buge miki hannu don kin nuna shi da yatsa? Kakan kakanmu ne ya ɗauko shi a ka daga tsaunin Ibity ya ɗora ranar da aka gama ginin. To shi kika kwanta a ƙarƙashinsa a ɗakin Madam.

Ina nan ranar da wasiƙarki ta zo. Dada ya karanta ta a gaban injin goge duwatsu, hannunsa duk farin taɓo. Ya yi tsaki ya ce, "Shirmen Turawa ya kama 'yata." Ya ci gaba da aiki. Amma fuskar da yake gogewa ta karkace, abin da ban taɓa gani ba a hannunsa. Ranar Lahadi bai je coci ba, ya hau motar ƙauye, da yamma ya dawo da buhun shinkafa a kafaɗa, ba shinkafa a ciki. Da ya zazzage shi a kan benci sai ga dutsen kabarin.

Na ce, "Dada, wannan fa?"

Ya ce, "Rufe ƙofa."

Na ce, "Kai da bakinka kake cewa duwatsun nan ko mura ba sa warkarwa."

Ya ce, "Har gobe ina faɗa. Shekara talatin ina yanka wa mutane abin ɗorawa a ciki, ba abin da suka warkar sai yunwar gidan nan. Amma in akwai dutse guda a duniya da ya san sunan yarinyar nan, to wannan ne."

Bai bar ni ko ruwa na zuba masa a kan faifan gogewar ba, ya ce hannu ɗaya ya isa ya ɗauki abin. Mai fuska ashirin ya fi ba shi wahala, don idonsa ya fara rauni, kuma tarin ya riga ya kama shi.

Da ciwo ya kwantar da shi, shi da kansa ya aika aka kira Dadatoa ya faɗa masa. Mun ce miki an binne shi a waje ne don ba a daɗe da buɗe kabarin ba saboda kaka. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Dangi sun ce wanda ya cire wa kakanni dutsensu ba zai kwana da su ba sai dutsen ya dawo. Dadatoa ya yi ta fama da su har suka yarda ya dawo ko a yanke. Abin da faifai ya cinye ma sun yafe, na kankare farin taɓon da ya bushe a kwatar bayan shago na cika tukunya, za a zuba a saman. Amma biyar aka yanka, biyar suke so su gani.

Kin ce in karɓi sabbi daga shago. Kwando nawa kike so? Ina da su har ƙarƙashin gado, yara na wasa da su.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba, kuma na rasa wanda zan ɓata wa. Ba ki sani ba, mu muka hana ki sani. Da an faɗa miki tun ranar jana'iza, da ba mu zo nan ba. Ki tashi ki nemo su, Bakoly.

Sai na ji daga gare ki.
Solofo

Cape Town, Mayu 1999

Zoky,

Ina gaishe ka, ina gaida Neny, in har tana son gaisuwata bayan ta ji. Ka faɗa mata, kada ka ƙara ɓoye wa kowa komai saboda ni.

Ban iya zuwa aiki ba ranar da na karanta. Na zauna a bakin gado da na goshin nan a hannuna, ina tuna yadda na tsaya a kan katangar gaɓa ina jin daɗi, har na ce masa na gode kafin in sake shi. Ashe mahaifina nake rufe wa ƙofa.

Na fara da Madam. Na faɗa mata komai, ta dafe ƙirji ta yi kuka na gaske, don ba muguwa ba ce. Sannan ta ce, "Amma ƙawata, ƙarfin dutsen ai ya riga ya koma inda ya fito, teku ɗaya ce daga nan har ƙasarku." Na ce, "Madam, Dadatoa ba ƙarfi yake so ya gani ba, dutse yake so." Ta kawo tsani da kanta. Akwai wani mutum kwance a ƙarƙashin tagar, muka jira ya gama barcinsa, na hau na yanke zaren.

Gidan da na yi haya yanzu wani tsoho ne a ciki da karensa. Na ce masa na binne wani abu a lambunsa ina so in tono. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Miji ne ko kare?" Na ce dutse. Ya ce, "Yarinya, duk lambun nan dutse ne, ɗebi wanda kike so, ki rage mini aiki." Ya shuka kabeji daidai wurin. Na tumɓuke masa kusan layi guda yana tsaye yana ƙirga asararsa da baki, amma da cebur ya ce ƙwas, shi ya fara durƙusawa. Ya wanke shi a famfo ya miƙo mini, ya ce mahaifina ya iya aiki. A nan na kasa riƙe kaina.

Saura na ruwa. Zoky, na je. Duk safiyar da ruwa ya janye ina can, na naɗe zane ina lalube tsakanin duwatsu, sanyin ruwan har cikin haƙori. Masunta sun saba da ni, da sun hango ni sai su ce, "Ga mai neman zoben aure ta iso! 'Yar'uwa, bar shi, ga maza nan birjik!" Ɗaya daga cikinsu, wani mai nutso, ya ji tausayina ya tambayi kamannin abin. Na nuna masa na goshin. Ya karɓa ya tsoma a bokitin ruwa ya ce in duba. Na duba, bokiti kawai na gani da ruwa. Tsabar tsabtarsa, da ya shiga ruwa sai ya ɓace, sai da na sa hannu na taɓo shi. Mutumin ya ce, "Ko a tafin ƙafata yake ba zan gan shi ba. Shekara nawa kuma?" Duk da haka ya yi nutso ya fito da kwalabe da ƙugiyoyi. Na gode masa.

Da dutsen banza ne mai gizo-gizo a ciki, irin na shago, da wataƙila an hango shi. Dada ya zaɓo mini wanda ya fi kowanne.

Ga huɗu nan na ba mutumin Madam, kowanne a tsummansa yadda ka ce. Na wuta na haɗa ɓarinsa biyu na ɗaure da zare. Tun da na cire na ƙarƙashin matashi barcina ya ragu, amma wannan ba abin faɗa ba ne. Zan ci gaba da zuwa gaɓar. Ka roƙa mini Dadatoa ya duba huɗun nan da idon rahama.

Ka yafe mini, kai da Neny.
Ƙanwarka,
Bakoly

Antsirabe, Yuni 1999

Ƙanwata,

Muna gaishe ki. Neny ta ce in rubuta miki da manyan baƙaƙe cewa tana son gaisuwarki, kuma ki daina shiga ruwan sanyi kafin ki jawo mana wata jana'izar.

Ƙunshi ya iso. Kafin in kai ƙauye na yi wata dabara, ki ji yadda ta ƙare. Ina da wani guntun dutse mai tsabta da na daɗe ina ɓoyo. Na ce a raina, Dadatoa da kyar yake bambance sa da saniya, ina zai gane? Na auna na goshin, na zauna na fitar da mai fuska ashirin daidai girman wanda ya ɓata. Ba yabon kai ba, ko Dada sai ya juya shi sau biyu. Ina cikin goge fuskar ƙarshe sai na ji mutum a bayana. Neny ce da kwanon abincina.

Ta ce, "Na wa ne?"

Na ce, "Oda ce."

Ta ce, "Solofo, ni na haife ka." Ta ajiye kwanon. "Rabenja za ka rufe wa ido, na ji, ba wuya. Su na cikin fa? Dutsensu ne, shekara ɗari suna ƙarƙashinsa. Ka shigar da ubanku da ƙarya, ya kwanta tsakanin uwarsa da ubansa suna kallonsa har abada? Shi da ya aika a kira yayansa ya faɗa da bakinsa?"

Na jefa shi kwandon Madam. Wata Baturiya za ta ɗora a mara ta ji sauƙi.

Na kai huɗun. Dadatoa ya shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakar gida, dangi suka kewaye, ya kwance su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Ya daɗe a kan wanda ya tsage. Sannan ya lalubi tabarmar ya ce, "Ina na biyar?" Na ce yana teku. Wata gwaggo ta ce a aika wa teku ta kawo, wasu suka yi dariya, na ji kamar in shaƙe ta. Aka yi ta magana har rana ta karkata. Masu cewa a yi haƙuri sun fi ƙarfin murya, masu cewa a'a sun fi yawa. Duk wanda ƙanƙara ta kashe wa shinkafa ko ɗansa ya faɗi jarrabawa a shekarun nan, cewa yake dutsen nan ne sanadi. Suka ce abu ya fita daga kabarin, wani ɓangarensa yana waje, ba a rufe magana a haka.

A mota Neny ba ta yi kuka ba, na fi son da ta yi. Sai da muka kusa gari ta ce in ta mutu kada a wahalar da kowa, a tona mata kusa da Dada a gindin gwaiba. Lamban kuma ta daina fito da shi.

Na yi miki faɗa a waccan wasiƙar fiye da kima. Ki bar gaɓar nan haka, ba a samu ba.

Ki kula da kanki.
Yayanki,
Solofo

Cape Town, Yuli 1999

Zuwa ga Dadatoa Rabenja, uban gidanmu,

Ina durƙusawa ina gaishe ka, ina gaida iyayena duka da ke ƙauye. Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon rai. Ka gafarce ni da na rubuto kai tsaye, ni yarinya, ban bi ta hannun yayana ba. Da na bi ta wurinsa da ya yaga takardar.

Dutsen saboda ni ya fita. Dada bai sayar ba, bai ci ko ƙwayar shinkafa da shi ba. Kashi huɗu sun dawo, na biyar ni na jefa shi inda ba ya dawowa, da hannuna, ba wanda ya riƙe mini. Dangi sun ce wani abu na kabarin yana waje. Gaskiya suka faɗa. Roƙona shi ne abin da zai zauna a waje ya zama ni.

Ka san ba ni da miji da za a kai ni kabarin danginsa, ba ni da ɗa. Tun ina ƙarama kaka take nuna mini da leɓe ta ce wurina a cikin kabarin yana kusa da nata, a gado na biyu ta hannun arewa. Duk wahalar da na sha a garin nan, in na tuna akwai inda za a kai ni sai in ji sanyi a raina. Ba ni da wani abu da ya fi shi, shi ya sa na kawo shi. A bar ni a nan kusa da tekun da dutsen yake, a shigar da Dada.

Ba cikin ɗimuwa na rubuta ba. Ina roƙo a karanta wa dangi yadda na rubuta.

'Yarka mai biyayya,
Bakoly

Ƙauye, Agusta 1999

Zuwa ga 'yarmu Bakoly,

Bayan gaisuwa irin ta uba ga 'yarsa, da fatan albarkar Allah da ta kakanni ta same ki inda kike. Malamin makarantarmu ne yake rubuta mini, domin idona ya gaza.

Takardarki ta iso, an karanta wa dangi kamar yadda kika roƙa, ba a rage ba, ba a ƙara ba. Yayanki ya tashi ya ce bai yarda ba, aka zaunar da shi, domin wurin naki ne, ba nasa ba. Mahaifiyarki ta rufe fuska da mayafi. Daga baya dangi suka ce sun karɓa.

Ina so ki san ban nemi wannan ba, kuma ban taɓa jin an yi irinsa ba. Mahaifinki ƙanena ne, ni na goya shi zuwa gona. Tun da aka sa shi a gindin gwaiba ban bi ta hanyar nan ba, zagayawa nake yi ta bayan gonar shinkafa. Amma mabuɗin da ke hannuna na mutane da yawa ne, rayayyu da matattu, ba ni da ikon buɗewa don son raina. Da na san inda maganar za ta kai, da na yi shiru tun ranar da ya kira ni, na bar abin tsakanina da shi. Wannan tunanin ba ya barina.

Ki saurara da kyau. Ranar buɗewa zan tsaya a bakin ƙofa in sanar da na ciki wanda zai shigo da wanda ba zai shigo ba, da suna. Abin da aka faɗa a wurin ba a janye shi, ko bayan raina. Ke yarinya ce, shekaru suna da yawa a gabanki, kuma tsufa a ƙasar wasu ba kamar ƙuruciya ba ne. In kin sake tunani, ki aiko ko da kalma ɗaya ce kafin ranar, babu mai zarginki, ni zan tare miki. In ban ji komai ba, zan faɗi abin da kika ce.

Allah ya yi miki albarka.
Ubanki,
Rabenja

Antsirabe, Satumba 1999

Bakoly ƙanwata,

Gaisuwa daga kowa.

Ba ki aiko ba. Dadatoa ya tsayar da masu sarewa da ganga, yana ta tambaya ko motar gari ta iso, har mutane suka fara gunaguni. Ta iso, ba komai. Sai ya je bakin ƙofa ya faɗa. Da ya zo kan sunanki sai da ya maimaita, na farkon bai fito ba.

Dada ya shiga. Mun naɗe shi da lamban Neny, na ɗauke shi a kafaɗa, ba nauyi ko kaɗan. Yana kusa da kaka. Duwatsun huɗu suna sama, na bar gurbin na biyar yadda yake.

Kin san yadda mata masu neman haihuwa suke wawar tabarmar da aka kwantar da kakanni. Neny, da ƙafar nan tata mai ciwo, ta kutsa cikinsu ta yago gefen wadda aka ɗora Dada. Dadatoa yana kusa da ita, ya juya yana kallon tsauni. Ga shi nan cikin ambulan. Ta ce ki sa a ƙarƙashin katifa. Ta ce in gaya miki sunanki kaɗai aka faɗa a bakin ƙofar, ba a ce komai ba game da ɗan da za ki haifa.

Ki zo gida da ranki, wannan ba wanda ya hana.

Yayanki,
Solofo